Karen Farauta da Karen Sarƙa

Idan rani ya kankama a Dabai ta ƙasar Zuru, an gama kai dawa rumbu, da sassafe za ka ga mafarauta sun nufi gindin duwatsu, gora a kafaɗa, karnuka gaba da baya. Ka dubi wutsiyarsu: a sama take, tana kaɗawa. Babu igiya a wuyan ko ɗaya, amma fito ɗaya mai shi zai yi, kare ya baro inda yake ya sheƙo a guje. In an kama zomo ko gafiya, nan take ake feɗewa a jefa masa kayan ciki. Ladansa ke nan, kuma ya san shi tun yana kwikwiyo, lokacin da yake bin manyan karnuka yana koyon aiki. Dama ba a kiwon kare ranar farauta.

A cikin gari kuwa akwai wani karen. Yana ɗaure da sarƙa a ƙofar gida, an yanke masa kunnuwa tun yana ƙarami wai don ya yi zafi, kwanon ruwansa a kife. In mai shi ya doso, sai ya lafe a ƙasa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, yana lasar baki yana kau da kai. Mai shi ya ce maka, "Ka ga ladabi? Ai kare sai da sanda. In bai san maigida ba, kanka zai hau." Ni dai tsoro nake gani a jikin dabbar nan, kuma abin yana ci mini rai.

Ban raina dalilin mutane ba. Ƙasar Zuru ta sha wuyar 'yan bindiga, musamman ta wajen Danko da Wasagu da Sakaba, kowa na son abin da zai tashe shi cikin dare. Ga samari kuma suna kallon bidiyo a waya, inda wani Bature ke kayar da kare, ya danne masa wuya har sai ya daina motsi, ya ce haka shugaban garken kyarketai yake yi wa na ƙasa da shi.

Wannan magana tana da asali, kuma asalin ya rushe. A 1947 wani masani, Rudolf Schenkel, ya wallafa abin da ya gani a gidan namun daji na Basel a Suwizalan, inda aka kulle kyarketan da ba danginsu ɗaya ba a wuri guda, suka yi ta faɗan neman girma. David Mech na Amurka ya yaɗa batun a littafinsa na 1970. Daga baya ya je tsibirin Ellesmere a Kanada, ya yi ta kallon kyarketai a dajinsu, sai ya rubuta a 1999 cewa garken nan iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Har roƙon masu buga tsohon littafin ya yi su daina bugawa. A 2009 kuma likitocin dabbobi a Jami'ar Pennsylvania suka wallafa binciken da suka yi, inda suka tambayi masu karnuka yadda suke horo. Cikin waɗanda suka ce suna duka ko shuri, kashi 43 cikin ɗari sun ce karen ya mayar musu da faɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Gurnanin kare gargaɗi ne, yana cewa a ja da baya. In kullum ya yi gurnani sai an maka masa sanda, zai daina gurnanin, amma fargabar tana nan a cikinsa. Ranar da yaro ya matso ɗaukar ƙwallonsa kusa da sarƙar, babu sauran gargaɗi, sai cizo. Daga nan sai neman allurar haukan kare a asibiti, ga tsada, ga zirga-zirga.

Su ma mafarauta ba duka ne masu tausayi ba. Akwai mai yasar da karensa in ya tsufa ko ya karye. Amma a wajen horo sun riga bidiyon waya sanin abin da ke aiki.

Ko gadin da ake nema ma, sarƙa ɓata shi take yi. Karen da ake ciyarwa, ana sakinsa ya zaga gida, ya san mutanen gidan da maƙwabta, har da mai tallan fura, don haka in ya yi haushi da tsakar dare maigida zai miƙe ya ɗauki tocila. Na ɗaure kuwa kowa yake yi wa haushi, akuya da almajiri da inuwar bishiya, dare da rana, har mutanen gidan su saba su daina farkawa.