Ranar da muka sauke tankin Pijon Baba

Mu uku ne ƴaƴan marigayi, a nan Maradi, kuma abin da ya bar mana bayan gida shi ne Pijo 504 doguwa, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Da ita ya yi jigilar fasinja tsakanin Maradi da Tasawa har ƙarfinshi ya ƙare, da ita kuma muke ciyar da gida uku yau. Yaya ke tuƙi, na tsakiya ke riƙe lissahi, auta shi ne yaron mota.

Bayan damanar bara mota ta fara wani hali. Sai ta tashi lahiya lau da sahe, ta yi kilomita 20 ko 30, sai ta fara shaƙewa kamar mai tari, ta mutu. A jira minti goma ta sake tashi. Muka wanke karbirato sau biyu, muka canza buji, muka canza pompon mai, muka sa filtir sabo. Cikin wata ɗaya jikka 45 ta tahi, ciwo yana nan. Fasinja a tasha suka fara cewa gara su jira wata motar. Wannan ya fi kashe kuɗɗin ciwo, don mai mota ba shi da jari sai amincewar mutane.

Wani dare Yaya ya ce ma Inna: "Inna, ƙarhen nan ya gaji. Masu sayen tsohon ƙarhe sun taya, mu sayar mu raba." Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: "Kun je wurin abokin ubanku? Ku je tukuna, in shi ya ce ta mutu, to ta mutu."

Abokin Baba tsohon makanike ne, ido ya fara rauni, yara ke mishi aiki. Bai buɗe gaban mota ba ma. Ya ce a ciro mishi filtir ɗin da muka sa sati biyu da suka wuce, ya girgiza shi a tahin hannu. Ruwa ja ya hito, da ɗan tsaki-tsaki. Ya ce: "Ku ƴaƴan nan, kuna ta maganin baki, alhali ciwo yana ciki. Yaushe rabon da a sauke razarbuwar motar ga?" Muka dubi juna. Tun muna yara ba mu taɓa ganin an sauke tankin ba.

Ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ruwa ya fi isansi nauyi, don haka duk ɗigon da ya shiga tanki ƙasa yake kwanciya, yana cin ƙarhe a hankali. Tsatsar ta ɓanɓare, mota na tahiya tana girgiza ta, ta zo ta toshe bakin tiyon da ke tsotsar mai. In mota ta mutu, tsotsa ta tsaya, dattin ya faɗi, hanya ta buɗe. Shi ya sa take tashi bayan minti goma. Ruwan kuma hanya biyu gare shi: man kwalba da muke saye bakin hanya, da raɓar da ke taruwa cikin tanki in kullum rabinshi iska ce. Mu kuwa duka biyun muna yi. Litir biyar, litir goma muke zubawa a tanki mai cin kusan litir 60, kuma mafi yawa ruwa-ruwa ne, don ya fi araha.

Ranar aiki ya sa muka tura motar can bayan gareji, nesa da mai shayi da mai walda. Abu na farko, aka cire waya daga batir. Ya karɓe ashana da taba daga aljihun yaranshi da kanshi. Aka tsiyaye sauran man cikin bido, aka ɗaga bayan mota da jak, sannan aka sa kututtura ƙarƙashi. Auta ya so ya shiga tun mota tana kan jak kaɗai, tsoho ya daka mishi tsawa: "Hito nan! Uwarka ta ba ni amanarka."

Aka kwance babban tiyon da mai ke shiga, da ƙaramin da ke kai mai gaba, da wayar jojin mai, da wani siririn tiyo da ba mu ma kula da shi ba. Kusoshin sun yi tsatsa, sai da aka jiƙa su da gazuwal aka jira. Mutum biyu suka tallabe tankin, na uku ya kwance, muka sauke shi a hankali.

Abin da ya hito daga ciki ya ba mu kunya. Ruwa ya kusa cika kwalba, ga laka ja, ga rairayi, har da ɗan ƙyallen da masu mai ke ɗaurawa bakin mazurari. Muka zuba tsakuwa da ruwan sabulu, mutum biyu suka riƙa girgizawa, a zubar a sake, har ruwa ya hito fari. A nan ne huda biyu ƙanana suka bayyana a gindi, waɗanda dattin ne ya toshe su tuntuni. Kusa da su akwai wani tsohon faci na darma. Tsoho ya shafa shi da yatsa ya yi shiru. Ya ce shi da Baba suka yi shi, shekarar da aka haihi auta.

Yaya ya ce a kai ma mai walda ya ɗige hudar, minti biyar an gama. Wannan shi ne wurin da muke so duk mai karatu ya riƙe. Tsoho ya ce tankin da babu mai ciki ya fi cikakke haɗari, don tururin isansi da ya gauraya da iska shi ke fashewa, kuma yana maƙalewa a lungunan tanki ko bayan an wanke. Bai bari wuta ta kusanci tankin ba. Can nesa aka gasa ƙarhen darma a gawayi, a kawo shi da zahi a narka darma kan huda, a koma. Aka cika tankin da ruwa aka ga ba ya yoyo, aka zubar, aka shanya shi a rana kwana biyu har ya bushe ƙayau.

Ranar mayarwa tsoho ya tahi jana'iza. Muka ce ai abin da muka kwance da hannunmu ba zai gagare mu ɗaurawa ba. Muka ɗaura, muka zuba mai na gidan mai, mota ta tashi da murya mai daɗi. Washegari muka cika fasinja sai Tasawa.

Mun wuce Cadawa kaɗan ta fara shaƙewa. Ta mutu. Wata tsohuwa da ke baya ta ce: "Ai an gaya mini kar in shiga." Yaya ya hita ya zauna bakin gudro, ya ce shi ya gama, gobe a kira masu saye. Auta ne ya ce bari ya leƙa ko mai ya zube. Yana murɗa marhin tanki sai muka ji "fuuu", iska ta ruga ciki. Aka tada mota, ta tashi nan take. Muka kira tsoho a salula, ya yi dariya har da tari. Ya ce: "Siririn tiyon nan fa? Shi ne hancin tanki. Mai na hita, dole iska ta shiga. Kun danne shi wajen ɗaurawa." Haka muka lallaɓa har Tasawa, muna tsayawa muna buɗe marhi, kuma washegari muka sake sauke tanki gaban tsoho. Tiyon ya lanƙwashe tsakanin tanki da jikin mota. Gyaran bai kai minti biyu ba.

Yau wata bakwai ke nan ba ta mutu a hanya ba. Ba mu zagin masu sayar da man kwalba, ƴan uwanmu ne, abinci suke nema, kuma a ƙauyen da babu gidan mai su ne ke ceton matahiyi. Amma tun 2011 muna da matatar SORAZ a Damagaram, kuma mun lissafa abin da muka rage a litir da abin da muka kashe a gareji, ba su yi kusa ba. Yanzu in dole ta sa, muna tacewa da ƙyalle mai tsabta, ba mu karɓar gindin bido, kuma ba mu barin mota ta kwana da tanki kusan wayam.

Da muka kai ma Inna kuɗɗin satin farko, ta cire jikka biyu ta ba auta. Ta ce a sayi goro a kai ma tsoho, a kuma gaya mishi facin da suka yi da Malam yana nan bai ɗaga ba.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya tsare matahiya, ya sa albarka a abin hawanmu.