Injin Baba Da Nawa

Duk wanda ya tashi a garinmu, can gefen kogin Galma a ƙasar Zazzau, ya san ƙarar injin niƙan mahaifina. Tun da hantsi za ka ji shi yana bugawa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, har mata a cikin gidaje suna auna lokaci da shi. A cikin shekarar 1977 Baba ya saye shi, ƙirar kamfanin Lister na ƙasar Ingila, mai shan man dizal, mai silinda guda, wanda iska ce ke sanyaya shi, watau ba shi da lagireto balle tankin ruwa. Sai da ƙarti huɗu suka taru kafin a sauke shi daga mota, aka kafa shi a kan dandamalin siminti. Injin nan ya niƙa dawa da gero da masara shekara talatin da 'yan kai, kuma a iya sanina sau biyu kaɗai aka taɓa buɗe cikinsa don a sake zobban fistan. Da kuɗinsa aka yi mana karatu, da shi Baba ya sauke farali.

Saboda haka na girma da wani imani wanda ban taɓa tsayawa na bincika ba, cewa dizal shi ne ƙarko, injin fetur kuwa abin wasan yara ne. To, jama'a, wannan imani ne ya jawo mini asara, shi ya sa na ga ya kamata in ba da labari ko wani ya tsira.

Sa'ad da na bar aikin koyarwa a shekarar 2016, na shiga noman rani tare da ƙanena, wanda ya riga ni daɗewa a fadama. Masu shekaru irin nawa za su tuna zamanin da ake ban-ruwa da jigo, mutum ya wuni yana ja yana saki, bai shayar da abin kirki ba. A cikin shekarun 1980 ne hukumomin bunƙasa aikin gona na jihohi, da taimakon Bankin Duniya, suka yaɗa 'yan ƙananan injinan fetur da gajerun rijiyoyin burtsatse, daga baya shirin Fadama ya zo ya ƙara cika ƙasa da su. Irin wannan inji ne da ƙanena, ƙirar Honda, mai baki inci 3, wanda nauyinsa bai kai kilo 30 ba. Kullum da asuba ya ɗaura shi a bayan babur, da magariba ya komo da shi gida saboda ɓarayi.

Ni kuwa na raina shi. Da kuɗin sallamata suka fito sai na tafi Kano na sayo injin ban-ruwa na dizal mai sanyin iska, ja wur, yana ta ƙyalli, ba tare da na damu da sanin wanda ya ƙera shi ba. Mai sayarwa ya ce dizal ne, ni kuma abin da nake so in ji ke nan. Ƙanena ya zagaya shi, ya gwada ɗagawa, ya ce, “Yaya, wa zai riƙa kai maka wannan fadama?” Na ce masa abin da ya yi nauyi shi ke daɗewa, ya tuna injin Baba. Bai ƙara cewa kome ba, domin ba ya musu da ni.

Ranin farko lalle na yi dariya. Injina ya fi nasa tsimin mai ƙwarai, na kuwa bi duk majalisar da na zauna ina faɗa. Da yake ba ya ɗaukuwa a babur, sai na yi masa 'yar bukka a bakin ruwa, na sa yaro yana kwana wurin. A rani na biyu, cikin watan Fabrairu, daidai lokacin da tumatirina ya cika da fure, injin ya soma fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ƙarfinsa ya ragu, ran nan da azahar ya yi wata ƙara ya tsaya cik. Aka ja igiya, ko motsi. Kwana takwas ina yawo tsakanin gari da Zariya. Ƙanena ya riƙa gama nasa ban-ruwan da rana, ya kawo injinsa gonata da dare, yana kwana cikin sanyi da sauro, amma duk da haka furen ya zube, na rasa wajen sulusin abin da na sa rai. Asarar ba ta dame ni kamar kunyar da na ji ba, ganin injin da na raina shi ne ya ceci sauran.

A Sabon Garin Zariya na sami tsohon bakaniken da ya riƙa duba injin Baba. Ya tsufa, yaransa ne ke aikin, shi yana zaune a benci yana nuni da sanda. Da aka warware injina aka shimfiɗa kayan cikinsa a kan buhu, ya dube ni ya ce, “Malam, kai ɗan mai niƙa ne, amma ba ka san abin da ya riƙe injin tsohonka ba.” Sa'an nan ya yi mini karatun da ban samu a makaranta ba, ga shi kuwa kamar yadda na fahimta.

Injin dizal ba shi da fulogi. Fistan ne ke matse iska har ta koma wajen kashi ɗaya cikin ashirin na girmanta, ta yi zafin da in an fesa mata mai sai ya kama da kansa. Injin fetur kuwa matsinsa bai wuce kashi ɗaya cikin takwas ko tara ba, tartsatsin fulogi ke ƙarasa aikin. Tun da matsin dizal ya ninka haka, tilas a yi masa ƙarfe mai kauri, kuma daga kaurin nan ne sunansa na ƙarko ya samo asali. Abu na biyu shi ne gudu. Injin Baba yana juyi kamar 1,500 a minti, nawa kuwa 3,600, daidai da na fetur. Mai karatu ya lissafa da kansa: a awa guda na Baba ya juya sau 90,000, nawa ya juya sau 216,000, kuma kowane juyi goga ce tsakanin zobe da silinda. An rage wa nawa ƙarfe don ya ɗauku, an ƙara masa gudu don ya ba da ƙarfi, ya zama yana ɗauke da matsin dizal a jikin da bai fi na fetur da yawa ba. Tsohon ya ce akwai masu ƙera irin wannan ƙaramin dizal da kyau, ya ambaci Yanmar na Japan da Hatz na Jamus, amma kuɗinsu ba na mai fansho ba ne, kuma yawancin na kasuwa kwaikwayonsu aka yi.

Na so in tsaya a nan in ɗora wa maƙera laifi duka, sai ya sa aka miƙo mini kan silindar. Injin da iska ke sanyayawa yana da wasu haƙarƙari a jikinsa, fanka tana hura iska ta tsakaninsu tana kwashe zafi. Nawa duk sun toshe da laka da ƙaiƙayi da gidan zanzaro. Matatar iska ta zama kamar tubali saboda ƙurar hunturu, baƙin mai ya yi kauri ya ƙone, domin sau ɗaya na sake shi tun da na saya. A gindin tanki kuma aka tarar da ruwa, daga man da nake saye a jarka a bakin hanya, ruwa kuwa shi ne ajalin famfon mai da bakin feshi na dizal. Ya ce injin lagireto in ya yi zafi yakan tafasa ya yi tururi, mai shi ya gani ya kashe, amma mai sanyin iska ba ya kuka, sai dai ya ƙone a tsaye.

A nan ne na tuna abubuwan da na gani ina yaro ban ba su muhimmanci ba. Baba bai taɓa ajiye injin a ɗaki ɗaya da abin niƙa ba. Ya huda bango, doguwar bel ta ratsa, don kada ƙurar gari ta kai gare shi. Kowace Jumma'a da safe ba a niƙa, yakan zauna da gashin kaza da tsumma yana bin haƙarƙarin nan ɗaya ɗaya. Man dizal kuwa sai ya kwana biyu a duro ya kwanta, a ɗebi na sama a tace da ƙyalle. Mu a lokacin muna ganin tsananin tsohon ne kawai.

Kada a ce na koma yabon fetur ido rufe. Yana da nasa: ya fi shan mai, fulogi yana mutuwa, kuma in aka bar fetur a kafireta aka jingine injin duk damina, sai ya daskare ya toshe ta. Sai dai duk waɗannan cututtuka ne da yaron da ke gyaran babur a bakin kasuwar ƙauye zai warkar kafin la'asar, alhali bakin feshin dizal sai an kai birni, shuka kuwa ba ta jiran birni. A ganina, wanda zai kafa inji wuri ɗaya ya yi aiki awa goma kullum, kamar mai niƙa ko mai casar shinkafa, dizal mai nauyi mai tafiyar hawainiya ya fi masa, ko da tsoho ne aka gyara. Wanda kuwa zai ɗauki inji a babur ya yi ban-ruwan wata huɗu a shekara, na fetur mai asali zai kai shi shekaru masu yawa in yana sake baƙin mai yana wanke matata. Na ƙanena yana cikin raninsa na goma sha ɗaya sa'ad da ya ceci tumatirina.

Lissafin ma ya sake canzawa a shekarar 2023, da aka janye tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. Wasu maƙwabtanmu suka mai da injinansu masu shan iskar gas ta girki, wasu masu hali suka koma famfon hasken rana. Ni dai na sayar da jan injina a kan kuɗin ƙarfe, na sayi na fetur irin na ƙanena, kuma shi na tura ya zaɓo mini.

Injin Baba yana nan a ɗakinsa, an rufe shi da tabarma tun rasuwar tsohon. Bakaniken nan ya aiko sau biyu yana so a sayar masa. Bayan sallar layya da ta wuce ni da ƙanena muka buɗe ɗakin, muka share haƙarƙarin, muka zuba sabon baƙin mai da tataccen dizal, muka fitar da iskar da ta shiga bututu. Na kama hannun tayarwa na juya har numfashina ya ɗauke, ban iya ba, ƙanena ya karɓa. A juyi na uku ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama bugawa. Kafin mu kashe shi, wata tsohuwa daga maƙwabta ta aiko jikarta da ƙwaryar dawa.