Zangon Ƙarshe

A gidanmu na Nyohini ruwan famfo baƙo ne. In ya ga dama ya zo, da tsakar dare yake zuwa. Sai ka ji bututu yana tari kamar tsoho mai mura, nan take Mma za ta buga ƙofar ɗakinmu: "Ku tashi, ya zo!" Ni da ƙanena Bashiru mu fito da galan-galan masu ruwan ɗorawa, waɗanda duk Gana ake kira galan ɗin Kufuor, mu jera su bakin famfo. A irin wannan zama na jiran galan ya cika muka fara kallon The Expanse a wayarsa, abin sauraro ɗaya a kunnena, ɗaya a nasa.

Shi ya samo fim ɗin wajen masu tura fina-finai a kasuwa. Ni da farko ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Me ya haɗa malamin firamare da jiragen sararin samaniya? Amma tun fitowa ta farko na yi shiru. Labarin ya nuna zamanin da ɗan Adam ya bazu: wasu suna Duniya, wasu sun kafa ƙasarsu a Mars, wasu kuma, waɗanda ake kira Belta, an haife su a cikin duwatsun da ke yawo tsakanin Mars da Jupiter. Su ne leburorin kowa. Su ke haƙo ma'adinai, su ke loda jirage, amma ruwan da za su sha da iskar da za su shaƙa a hannun wasu suke. Babban garinsu Ceres, dutse ne da ke akwai da gaske, faɗinsa kusan kilomita 940. A fim ɗin, daga zoben Saturn ake ɗauko masa ƙanƙara, in jirgin ruwa bai iso ba a rage wa kowa rabonsa.

Bashiru ya dubi allon waya, ya dubi galan, ya ce, "Yaya, ai mu ne."

Na yi dariya, amma ban musa ba. Ruwan Tamale ma daga nesa yake zuwa, daga kogin Farin Volta ta matatar Dalun, kuma garin ya fi bututunsa saurin girma. Ga kuma harshen Belta, wanda masanin harshe Nick Farmer ya ƙirƙira wa fim ɗin: gauraye ne na Turanci da kalmomin al'ummu daban-daban da aiki ya tara wuri ɗaya. Duk wanda ya tashi yana jin Hausar zango, wadda ta sha Dagbani ta sha Twi ta sha Turanci, ba sai an yi masa bayani ba. Mu kanmu haka muke: Baba Bahaushe, jikan fataken goro da suka bi hanyar Salaga, Mma Badagomba. A 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, 'yan'uwan kakanmu da yawa suka tafi Najeriya, ba mu sake haɗuwa ba.

Zango biyar muka kalla tare. Na lura masu shirya fina-finan Kano, irin su Labarina, zango suke kiran kowane kashi na dogon fim, kalmar da mu kuma muke kiran unguwar baƙi da ita. Duka biyun wurin yada kaya ne kafin a ci gaba da tafiya.

A zango na biyar muka fara saɓani. Nan ne Marco Inaros, wani shugaban Belta mai daɗin baki, ya jefa wa Duniya manyan duwatsu, miliyoyin mutane suka mutu. Ni na ce azzalumi ne. Bashiru ya ce, "Ban ce ya yi daidai ba, Yaya. Amma kafin ya yi, wa ya saurare su?" Ya kawo mini maganar 'yan matan arewa da ke dakon kaya a kasuwannin Kumasi da Accra, suna kwana a barandar shaguna. Ya kawo maganar kansa: ya gama sakandare, ya koyi gyaran babur shekara huɗu, har yanzu ba shi da rumfar kansa. Na ce masa haƙuri. Ya ce haƙuri abincin mai albashi ne. Na ji zafin maganar, na tashi na bar masa galan ɗin.

Bayan ƙaramar sallah ta 2021 ya tafi. Ya ce wa Mma Accra za shi. Ni ya gaya mini gaskiya, ya kuma sa na rantse ba zan faɗa ba sai ya tsallake. Ta Paga ya fita, ya bi Wagadugu, Yamai, Agadas. Saƙon muryarsa na ƙarshe daga Sabha ya zo, cikin damina. Ya ce yana lafiya, ya sami aikin gini, in gaida Mma. Daga ƙarshe ya ƙara da cewa, "In na shida ya fito kada ka gaya mini yadda ta ƙare." Tun daga nan layin bai sake shiga ba.

Zango na shida ya fara fitowa ranar 10 ga Disamba 2021, tsakiyar hunturu. Na yi niyyar jiransa, ban iya ba. Fitowa shida ce kacal, alhali sauran zangunan goma ne ko sha uku. Masu kallo da yawa sun yi ƙorafi an yi gaggawa, kuma da gaskiyarsu. Fim ɗin ma da ƙyar ya kai nan: tashar Syfy da ta fara shi a 2015 ta yar da shi a 2018, sai da masoyansa suka yi ta kururuwa kafin Amazon ta ɗauka. Littattafan da aka gina shi a kansu, waɗanda Daniel Abraham da Ty Franck suka rubuta da sunan James S. A. Corey, guda tara ne, fim ɗin ya tsaya a na shida. Har akwai labarin wata yarinya a duniyar Laconia da ake buɗe kowace fitowa da shi, aka bar shi a rataye.

Akwai abin da na so in nuna wa Bashiru. Da yaƙi ya matso, Marco ya kwashe kayan Ceres ya gudu, ya bar mutanen da yake cewa dominsu yake yaƙi cikin yunwa. Na ce a raina, ka gani ko? Amma kuma akwai abin da shi zai nuna mini. Bayan an ci yaƙi, manya suka zauna rabon iko, suka ƙi yarda Belta ta riƙe hukumar sufurin da za a kafa, suka ɗora James Holden, ɗan Duniya. Shi kuwa ya karɓa, ya sauka nan take, kujerar ta koma hannun Camina Drummer. Sai da dabara aka ba su abin da tun farko haƙƙinsu ne. Da yana nan, da mun kwana muna musu, kowa da hujjarsa.

Fitowar ƙarshe ranar Juma'a ce, 14 ga Janairu 2022, ranar da Black Stars suka yi kunnen doki da Gabon a Kamaru. Unguwa tana ta hayaniyar ƙwallon da aka farke mana dab da tashi, ni ina ɗaki da waya. Naomi Nagata, injiniyar jirgin Rocinante, ita ta kawo dabarar da ta hallaka jirgin Marco, tana sane ɗanta Filip yana ciki. Ta yi kuka irin na uwar da ta binne ɗa da hannunta. Sai aka nuna mana, mu masu kallo kaɗai, cewa yaron ya sulale a ƙaramin jirgi kafin abin ya faru, har ya ajiye sunan ubansa ya ɗauki na uwarsa. Fim ya ƙare ba wanda ya gaya mata.

Na daɗe riƙe da wayar. Gaggawar da aka yi ba ta dame ni ba, labarin da aka bari a rataye ma bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne gatan da aka yi mini: an ɗauke ni an kai ni inda yaron yake, na gan shi da rai. Wata biyar ke nan ina roƙon Allah irin wannan leƙe, ko na ƙiftawar ido.

A daren nan ruwa ya zo. Mma ba ta buga ƙofa ba, ta daina tun da na gaya mata gaskiyar inda ya nufa. Na fito na same ta tana jera galan ita kaɗai. Na karɓi tiyo, ta zauna a kan turmi.

"Abin nan da kuke kallo da ɗan'uwanka, ya ƙare?"

Na ce ya ƙare, Mma. Ta ce in ba ta labari. Ban san ta inda zan fara da Mars da Ceres ba, sai na ba ta na Naomi da ɗanta kawai. Ta saurara har na gama, ta yi shiru, galan yana cika.

"To, yaron ya san hanyar gida?"

Na ce ya sani.

"Shi ke nan," in ji ta. "Janye wannan, ya cika."

Fitowa shidan suna nan a katin waya, na naɗe shi a takarda na sa cikin akwatin spanoninsa. Wata uku na biya wa layinsa na Gana kuɗi don kada a rufe shi, kuma har yau ina biya.