An Kashe Maciji Ba a Sare Kansa Ba

Tsofaffin motocin da a ke kawowa daga Amurka suna da wata 'yar na'ura a ɗaure jikin injin, wadda makanikai ke kira sansar ƙara. Aikinta sauraro. In fetur ya fashe a cikin silinda ba bisa ƙa'ida ba, injin ya kan yi ƙara kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani. Sansar sai ta mai da wannan girgiza ta zama 'yar wutar lantarki, ta aika wa ƙwaƙwalwar motar, ita kuwa ta jinkirta tartsatsin filogi domin kada fistan ya lalace.

Wani direba mai jigila tsakanin Kaduna da Zariya ya sha wahalar wannan aba a motarsa mai silinda shida, ƙirar 1998. Fitilar gargaɗi ta kama, motar ta yi nauyi a hawa, ga shan mai, alhali tun janye tallafi a 2023 fetur ya zama abin lallaɓawa. Dalili kuwa shi ne, in ƙwaƙwalwar ta daina jin sansar, sai ta rage wa injin ƙarfi don tsaron lafiyarsa.

Tun 1996 doka ta tilasta a yi wa motocin Amurka kafar da a ke jona kwamfutar bincike. Da aka jona sai ta nuna P0325. Makaniken farko ya goge lambar ya karɓi kuɗinsa, kwana uku ta dawo. Na biyu ya sa sansa mai araha, ita ma ba ta yi mako ba. Kuɗin makarantar yara duk ya tafi gareji.

Sa'an nan aka kai shi wurin wani dattijon makanike. Ya ce masa, "Malam, wannan lamba ba ta ce sansa ta mutu ba. Cewa ta yi saƙo ba ya isowa." Ya kwance manifol, domin a ƙarƙashinsa sansar ta ke, a kwarin da ke tsakanin layin silinda biyu inda zafi ke taruwa. Ashe wayar ce ta bushe ta tsattsage saboda shekaru. In injin ya yi sanyi sai ta haɗu, in ya ɗau zafi ta rabu. Ya sake wayar, ya goge mazaunin sansar, ya ɗaure ta daidai awon da maƙera suka rubuta, don in ta yi sako-sako ko ta matsu ainun ba ta ji sosai.

To, masu tsofaffin motoci su lura. Kwamfuta unguwa kurum ta ke nunawa, neman gidan aikin makanike ne. Kafin a sayi sabuwar sansa a auna waya da soket, a duba ruwan lagireto, a kuma san inda a ke shan mai, domin gurɓataccen fetur da zafin injin su ma suna jawo ƙarar. Allah ya kiyaye hanya, amin.