Garin da ba ya ƙura wa mutum ido

Daga tashar Victoria ta Landan zuwa East Grinstead tafiyar kusan awa guda ce a jirgin ƙasa. Kawuna ne silar zuwana, ko da yake bai sani ba. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Wata safiya ya wayi gari ɓarin fuskarsa ya shanye, baki ya karkace, 'yan unguwa suka ce iska ce ta buge shi. Ciwon bai kwantar da shi ba, idon mutane ne ya raba shi da majalisa.

East Grinstead ƙaramin gari ne, amma a asibitinsa na Queen Victoria ne likita Archibald McIndoe, mutumin New Zealand, ya riƙa gyara fuskokin matuƙa jiragen yaƙi da wuta ta ƙone a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1941 majinyatan suka kafa ƙungiyarsu. McIndoe ya roƙi mutanen garin su bar su su shiga kantuna, su zauna cikin jama'a, ba tare da an bi su da kallo ba. Suka kuwa yi, har abin ya zame wa garin kirari. Na daɗe tsaye gaban mutum-mutuminsa da aka kafa a 2014, ina tuna yadda yaran layinmu ke leƙen Kawu.

Likitan fiɗa na wannan asibitin, Charles Nduka, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Emteq a Brighton, can bakin teku. Tabarau suke ƙerawa. Kana gani ka ce na karatu ne, alhali a jikin firam ɗin akwai ƙananan na'urori masu auna motsin fatar kumatu da goshi da gira, su aika wa waya. Mai shanyewar fuska zai yi atisayensa a ɗaki, ya ga ko tsokar ta fara farfaɗowa, ba sai ya zura wa madubi ido ba.

Masu bincike kuma suna gwada tabarau ɗin wajen bibiyar masu ciwon damuwa. Nan na ɗan ja baya. Mun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mu ne kuma muka san yaƙe, muka san kunyar surukai. Tabarau zai ƙirga sau nawa amarya ta yi murmushi gaban uwar mijinta. Abin da ke ranta sai ƙawarta.

Da na dawo na ba Kawu labari, tabarau bai dame shi ba. Sau biyu ya sa na maimaita masa zancen kantunan nan.