Ciyawar Girinsboro

Shekara goma sha huɗu ya yi yana koyarwa a wata lakwal ta Damagaram kafin ya ajiye alli ya tafi Amurka. Ya sauka Girinsboro, a jihar Karolina ta Arewa, garin da ƴan Nijar suka daɗe suna taruwa, har baƙo ba ya rasa mai yi masa sannu da zuwa da Hausa ko Zabarmanci. Kwana biyar na mako a masana'anta yake yin su. Asabar kuwa ta ciyawa ce. Gidaje shida suka ba shi aikin yanke musu ita, da wani tsohon inji da ya saya na hannu, irin wanda ake hawa a tuƙa kamar ƙaramar tarakta, wuƙaƙe biyu suna juyawa a ƙarƙashinsa. Kuɗin Asabar bai taɓa taɓa su ba. Su ne hatsin gidan mahaifiyarsa, musamman da bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, tiyar gero ta hau.

A can ciyawa ba ta jiran kowa. Da Afirilu ya kama sai ta miƙe, kuma barin ta laifi ne: in ta yi tsawo hukumar gari takan aiko da takardar gargaɗi. Mai gidan da ka saɓa wa Asabar biyu, ta uku wani zai nema.

Tun Nuwamba injin ke kwance a rumfa. Ran nan da safe malamin ya hau, ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa, ko tari.

Akwai mutum ɗaya da ya san zai iya kira, kuma shi ne wanda bai so kira ba. Ƙanensa ne, wanda ya gudu daga lakwal tun yana aji huɗu ya koma garaji, malamin kuma ya yi shekaru yana kafa misali da shi a gaban ɗalibai. Yau masu garake daga Mirriya suke ɗauko masa injunan ban ruwa. Tsakaninsu da Damagaram awa biyar ne. Can an yi azahar. Ya kira.

"Yaya, lafiya dai?"

"Lafiya lau. Inji ne ya ƙi tashi."

Ƙanen bai yi dariya ba, wannan kuwa karamci ne. Ya ce kowane inji mai shan asansi abu uku yake nema, wuta da mai da iska, amma kafin nan sai an ji ko yana juyawa. Shirun nan dai bai gane masa ba, don injin ban ruwa igiya ake ja. Nan karatu ya yi rana. Malamin ya buɗe littafin injin ya tarar masu ƙera shi sun sa masa ƴan madannai na tsaro: ba zai ko motsa ba sai an taka birki, an kuma sauke sandar da ke kunna wuƙaƙe, in mutum ya tashi daga kujera wuƙaƙe na juyawa kuma injin ya mutu. Sandar tana nan a ɗage tun yankan ƙarshe. Ya mai da ita, ya taka birki, ya murɗa. Sai aka ji ƙyas, sau ɗaya.

"To, wannan yarena ne," in ji ƙanen. "Duba kan batir."

Wani farin gari mai kore-kore ya lulluɓe kawunan biyu. Ƙanen ya ce a wanke da ruwan kanwa. Malamin ba shi da kanwa, ya jiƙa bikarbonat, wadda aikinsu ɗaya wajen kashe kaifin ruwan batir. Ya kwance wayoyin, baƙar da farko, ya goge, ya ɗaure. Na'urar awo ta nuna bolt 11,9, alhali cikakken batir 12,6 yake nunawa. Sanyin wata biyar ya tsotse shi. Ya jona shi da na motarsa, motar a kashe. Injin ya soma juyawa da ƙarfi, yana gurnani, amma bai kama ba.

Suka koma kan buji. Ya fiddo ta, ya mai da hularta, ya jingina ta da jikin inji, ya murɗa: tartsatsi shuɗi, wuta lafiya ke nan. Amma bakinta a bushe yake ƙayau, bayan duk wannan juyi. Matatar iska kuma tsaf.

"Yaya, shinshina man."

Ya shinshina. Ba ƙamshin asansi ba ne, wani tsami ne mai kama da na tsohon fenti. Ƙanen ya yi mamaki, don a wurinsa mai ba ya kwana balle ya tsufa. Kwalba ake saye a ƙone ran nan. Yawancin man Amurka kuwa kashi 10 cikin 100 nasa etanol ne da ake tatsa daga masara, mai jan danshi daga iska, kuma in mai ya daɗe a ajiye yakan bar danƙo a karbirato. Ramin da yake bi ya hau bai fi tsinin allura ba.

Awa guda suka yi a kan wannan ramin. Wayar na jingine da taya, ƙanen na cewa kwance nan, kar ka yar da robar nan, sa siririyar waya, a hankali, kar ka faɗaɗa shi. Malamin na amsawa da to, kamar yadda yara suka riƙa amsa masa. Ya tsiyaye tsohon man a galan, ya canza matatar mai, ya zuba sabo, ya ja shoke.

A juyi na uku injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama. Ƙarar ta cika rumfar har sai da ƙanen ya ɗaga murya.

"Yaya, ciyawar da kake yankewa fa, nawa ake sayen dami?"

"Ba a saye. Ni ake biya in kwashe."

Can ɓangaren aka yi shiru. Ƙanen yana da tumaki uku a ɗaure, kuma tun Maris sayen harawa yake yi. Ya ce a gai da iyali, zai gaya wa Inna kuɗin na nan tafe. Malamin ya duba agogo, sha ɗaya ta gota, gida na farko kuma yana can ƙarshen unguwa.