Harbi Biyu a Sama

A wani zaure a unguwar Djamboutou ta Garwa, wasu samari sun taru bayan sallar isha'i suna kallon Daratt, fim ɗin da Mahamat-Saleh Haroun ɗan ƙasar Chadi ya fitar a 2006. Ma'anar sunan ita ce rani. A bakin ƙofa kuwa yayan mai zauren ne zaune, soja da ya dawo daga fagen daga a yankin Kolofata, wanda tun dawowarsa ba a cika jin bakinsa ba.

A fim ɗin, rediyo ya sanar da cewa an yi wa masu laifin yaƙin basasa afuwa. Sai wani tsoho makaho ya miƙa wa jikansa Atim bindiga, ya aike shi Njamena ya kashe Nassara, tsohon mayaƙin da ya kashe mahaifinsa. Atim ya tarar da shi yana gasa burodi yana sadaka, ba ya iya magana sai ya kara wata na'ura a maƙogwaro. Ya kama aiki a wurinsa, har Nassara ya nemi ya riƙe shi a matsayin ɗa. A ƙarshe Atim ya kai shi gaban kakan a cikin hamada, ya yi harbi biyu a sama. Tsohon ya ɗauka an gama, alhali Nassara yana kwance da ransa.

Nan gardama ta kaure. Wani ya ce yafiya ce. Wani ya ce ramuwa ce mafi ɗaci, tun da an tuɓe shi, an hana shi ɗan da yake fata. Wani kuma ya ja hankalinsu ga kalmomin: afuwar da rediyo ya ambata ta hukuma ce, yafiya sai mai haƙƙi ya furta, Atim kuwa bai furta ba. Abin da aka gani kawai shi ne ya ƙi kisa, ya kuma ɓoye wa kakansa.

Sai sojan ya yi gyaran murya.

"Duk Atim kuke kallo. Shi wanda aka bari a kwance fa, idan ya tashi ina zai nufa?"

Zauren ya yi tsit. Ƙanen ya rufe kwamfutar, ya ce, "Yaya, kai ina kake ganin zai nufa?"

"Gidan burodi," in ji shi. "Da asuba yara za su zo karɓar sadaka."

Daga nan ya miƙe ya shiga gida.